Ƙwallon Yunus a Kan Dabino

Cikin shekarun da na yi a wannan filin golf, ranar da ba ta taɓa fita daga raina ba ita ce Asabar ɗin da aka rufe kakar gasar ƙwararru ta ƙasashen Larabawa. Ku sababbin ma'aikata kuna jin ana ce mini Sarkin Dabino kuna dariya, to ga inda sunan ya samo asali.

A unguwar Zahir nake zaune a cikin Makka, kuma babu filin golf a Makka. Kullum da an sallame asuba motar kamfani take kwasarmu zuwa bakin teku, can gaba da Jidda. Maƙwabtana ba su taɓa ɗaukar aikin da daraja ba. Wani ɗan Maraɗi, Sale, yakan ce, "Malam Isiyaku, da furfurarka kake bin ƙwan zabo a ciyawa?" Ni kuwa kafin wannan aiki shekara bakwai na yi ina hawan dabino a wata gona a Wadi Faɗima, ban ga abin da ciyawa za ta rage ni da shi ba.

Ga wanda bai san wasan ba: da sanda ake bugun ƙwallo har ya shiga rami, ramuka goma sha takwas ne a jere, kuma mai ƙarancin bugu shi ne a gaba. 'Yan wasan suna zagaya ƙasashe duk lokacin sanyi ana tara musu maki. A ƙarshen kaka, wanda ya faɗo ƙasa da layi ya rasa katinsa, ba shi cikin gasar baɗi. Mu masu kula da ciyawa, in gasa ta zo sai a raba mana riga da 'yar tuta a tsayar da mu gefen fili. Aikinmu mu ga inda ƙwallo ya sauka, mu kafa tuta kusa da shi. Mushrif ɗinmu, wato shugaban ma'aikata, Abu Fahad, ya sha nanata mana cewa ba a taɓa ƙwallo ko da yatsa. Wannan bai yi mini wuya ba. Wanda ya zauna a Makka ya saba da ganin tsintuwa ya bar ta inda take, sai dai ya yi cigiyar mai ita.

An ajiye ni a kwanar rami na goma sha bakwai, inda akwai dabino biyar da wani kurmi na ƙaya. Bayan la'asar Abu Fahad ya zo da 'yar motarsa, ya kira ni da sunan 'yata yadda Larabawa suke yi, ya ce, "Ya Abu Maryam, buɗe idonka. Mai zuwa ɗin nan Yunus ne, ɗan Maroko. Bugu biyu suka ƙaru masa, katinsa ya tafi." Na san mutumin. Sau biyu muna haɗa sahu da shi a masallacin ma'aikata, takalmansa na wasa a bakin ƙofa cikin silifas ɗinmu.

Ya buga, iskar teku ta kwashe ƙwallon zuwa dama. Rana tana idona, ban gan shi ba. Amma na ji shi. Na ji ya ratsa ganye, na ji wani ɗan "tuf", daga nan shiru. Abin da ya faɗo ƙasa yana da ƙara ta biyu, wannan kuwa ba shi da ita.

Kowa ya nufi kurmi: Yunus, mai ɗaukar masa jaka, 'yan kallo, da alƙalin wasa, wani dogon Bature da agogo a hannu. Doka ta ba da minti uku. In ba a ga ƙwallo ba, ɗan wasa zai koma inda ya bugo, ga tarar bugu ɗaya, ga asarar duk nisan da ya ci. In kuwa an gan shi kuma ya shaida nasa ne, tarar kawai zai ɗauka, ya ajiye wani a gindin bishiyar ya ci gaba. Tsakanin biyun nan katin Yunus yake.

Na ce wa Abu Fahad da Larabci, "Fog." Wato yana sama.

Ya ce, "Ka gan shi?"

"Ban gan shi ba, na ji shi."

"Ya sheikh, je ka taya su duba kurmi, kada ka ba mu kunya gaban kyamara."

Maganar ta ɓata mini rai, ba zan ɓoye ba. Na juya wajen Yunus na tambaye shi da Larabci alamar da ke jikin ƙwallonsa. Fuskarsa duk gumi, ya ce ɗigo uku kore. Na cire takalma na miƙa wa Abu Fahad, ya karɓa kafin ya gane abin da ya karɓa. Na kama dabino na biyu.

Shekarata hamsin da biyu a lokacin, rabona da hawa ya fi shekara goma, kuma ba igiya. Gwiwata ta dama tana ƙara, ina jin Abu Fahad a ƙasa yana "Inzil! Sauko!" Na hau a hankali don kada na girgiza bishiyar. Da na cusa kai cikin rassan, ƙaya ta tsaga mini kunne, sai ga ƙwallo har huɗu a maƙale, na 'yan kulob da suka ɓata tun tuni. Uku rana ta mai da su ruwan ƙasa. Na huɗun fari ne tas, yana zaune a gindin reshe, ɗigonsa uku suna kallona.

Tsakaninsa da hannuna bai kai taƙi ɗaya ba. Wallahi yatsuna sun yi ƙaiƙayin ɗauka. Na riƙe reshe da hagu, na zaro waya da dama, na ɗauki hoto, na sako wa Yunus wayar ya cafe. Ya duba, ya nuna wa alƙali. Baturen ya ɗaga madubin hangen nesa ya bi yatsana, ya dubi agogo, ya gyaɗa kai. Daga baya aka ce mini saura daƙiƙa kaɗan ne.

Yunus ya ɗauki tararsa, ya gama ramin, ya gama na ƙarshe. Ya tsira da katinsa da bugu ɗaya cif. Ni kuwa saukowa ta fi hawa wuya, wandon kamfani ya yage har cinya, jini yana bin wuyana. Abu Fahad ya durƙusa da kansa ya ajiye mini takalma a gabana, ya ce, "Haƙƙak alayya, ya Abu Maryam. Na yi kuskure." Ban taɓa jin daɗin aikina kamar wannan lokacin ba.

Bayan kwana biyu Yunus ya zo Umra, ni na yi masa jagora, ya ci tuwo a gidana. Sale ma yana wurin. Yunus ya tambaye ni ko na sauko masa da ƙwallon. Na ce, "Ba a ce in ɗauka ba. Yana inda ka bar shi."

Abin da na koya ke nan, ku ma ku riƙe. Sunanmu ba ya hawa allo, amma wani lokaci abincin mutum na shekara guda yana rataye a kunnen mai tuta. Ka saurara, ka faɗi abin da ka sani ko shugaba ya harare ka, kuma ka tsare hannunka. Gobe in an tura ku sassabe dabinon rami na goma sha bakwai, ku yi hankali da na biyun. Ƙwallon Yunus yana nan, kuma har yau ba wanda ya taɓa shi.