Fijon da Ke Tsakar Gidan su Uwaisu

Uwaisu a Kano ya koyi gyaran jikin mota. Sai a kawo masa wadda ta yi karo ta mokaɗe, ya bi ta da guduma da wutar walda har ta miƙe. Da shekarun tsuke bakin aljihu suka zo, kayan gyara suka yi wuya, mai garejin ya sallami ma'aikata. Uwaisu ya ɗauko akwatin kayan aikinsa da matarsa Luba, ya dawo ƙauyensu a ƙasar Minjibir.

Gonar gado ba ta isa ta ci da gida biyu ba. Tuni wansa Iliyasu yake nomanta, ga fari ya hana gero yin kai. Abin da Uwaisu ya sa wa ido shi ne tsohuwar Fijo a-kori-kura ta mahaifinsu, wadda ta yi jigilar gyaɗa a zamaninta. Tun da ta faɗa rami aka turo ta tsakar gida ta wata kafa a jikin danga. Daga baya danga ta zama katanga, aka gina ɗaki a daidai kafar, aka sa Inna Adama, ƙanwar mahaifinsu, wadda mijinta ya rasu ba ta da ɗa.

Uwaisu ya ce wa wansa, "Yaya, in na tashe ta, ta ina za ta fita?"

"Kai dai tashe ta tukuna," in ji Iliyasu. "Allah ba zai hana hanya ba."

Tsatsa ta cinye ƙofar direba da murfin taya na gaba. Uwaisu ya samo na wata matacciyar Fijo a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ya ɗoro su a saman bas. Da ya gwada, ramukan kusoshi suka ƙi haɗuwa, don haɗarin ya karkatar da ƙashin motar. Ya ɗaura, ya kwance, ya gasa ƙarfen ya daka, ya sake ɗaurawa. In saman ƙofar ya zauna, ƙasan ya buɗe baki. Rani guda ya ƙare a kan wannan. Inna Adama takan zauna a bakin ɗakinta tana kaɗi, tana yi masa sannu.

Ranar da ƙofar ta rufu da turawa ɗaya, ya shafa tafinsa a kan mahaɗar bai ji tudu ba. Ya aro batir, injin ya yi tari ya kama.

Ya je wa Iliyasu da maganar fasa ɗakin.

"Mu kai Inna ina? Ka ga wani fili a gidan nan?"

Babu. Bayan gida gonar Malam Muntaka ce, gabas da yamma katangun maƙwabta ne, zaure kuwa jaki da kaya ma da ƙyar yake wucewa.

Inna Adama ta ji. Ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, rushe abinka. Ni ko a madafa sai in kwana."

Ya dubi ƙafafunta da suka kumbura, ya ce, "A'a, Inna. Ba sauri nake ba."

Daga nan maganar ta mutu, amma kowa a gidan ya san abin da motar take jira. Wannan ya fi komai cin ran Uwaisu. In Inna ta yi tari, sai ya kasa haɗa ido da kowa. Shi ne mai sayo mata magani, shi ne mai yaɓe mata rufi kafin damina, kuma duk da haka yana jin kamar ana kallonsa.

Ya koma liƙe bokiti da gyaran garma a kasuwar Minjibir. Luba ta riƙa shanya kuɓewa a bayan motar.

Inna ta yi tsawon rai. Lokacin da ta rasu, an riga an sa ranar auren Sabo, babban ɗan Iliyasu, kuma ba inda za a ajiye amarya. Bayan sadakar arba'in Iliyasu ya zo yana sosa ƙeya. Uwaisu bai bari ya gama magana ba, ya tambaye shi ko ƙofar ɗakin Inna tana bukatar gyara kafin biki.