Bazarar da Muka Kai Inna Tsibirin Dalma

A shekarar da aka yi wa Inna aikin gwiwa ba mu je gida dogon hutu ba. Inna ita ce mahaifiyata. Aikin ne ya kawo ta Dubai, likita kuma ya ce kada ta yi doguwar tafiyar jirgin sama sai ta gama gashin ƙafar. Sai muka zauna tare da ita a ɗan gidanmu na haya da ke Karama, ɗaki biyu da falo a hawa na uku, ni da maigidana da 'yan matanmu biyu.

Zafin Dubai ba irin bazarar gida ba ne. Kana fitowa daga bene tabarau zai yi dishi-dishi, riga ta manne a baya kafin ka kai wurin mota. Maƙwabtanmu 'yan Indiya da 'yan Sudan duk sun ja akwatuna sun tafi ƙasashensu, benen ya yi tsit. Yaran sun gaji da talabijin, sun koma faɗa da juna kan abin da bai kai ya kawo ba. Inna kuwa daga gado sai kujera, daga kujera sai asibiti.

Maigidana harkar kago yake yi a Murshid Bazaar, yana haɗa wa 'yan kasuwar Kano kayansu yana tura musu. Bayan Babbar Salla masu zuwa saro sun ragu, yana da sarari. Ni kuma ina aiki a ɗakin gwaji na wani kamfanin abinci a Dubai Investments Park, an riga an ba ni hutun shekara, ga shi babu inda za ni. Ni na kawo shawarar mu ɗauki mota mu bi garuruwan bakin teku. Mun daɗe a ƙasar, amma in ka cire Sharja da Abu Dhabi babu inda muka sani.

Bayan cin abinci sai mu baje a falo, kowa da wayarsa, ana duba taswira. Maigidana gabas yake so. Wani abokin aikinsa ya nuna masa hotunan Khor Fakkan, duwatsu sun gangaro har bakin ruwa, tun daga nan bai sake maganar wani wuri ba. Babbar 'yarmu ita ta gano Dalma, wani tsibiri can yamma, bayan Abu Dhabi da nisa. Ta ce akwai jirgin fito da ke ɗaukar mutane har da motocinsu. Ƙaramar ba ta damu da ko'ina ba, in dai akwai wurin wanka.

Ni ce na soke tsibirin. Na ce wa maigidana da Turanci ba za a hau jirgin ruwa da tsohuwa mai sabon ɗinki a gwiwa ba, ga matakala, ga tangaɗi. Ya ce haka ne. Muka ci gaba da tsara hanyar gabas, Ajman, Ummul Kuwain, Rasul Khaima, a tsallaka Dibba a gangara Khor Fakkan. Duk inda maganar ta zo kan Inna, inda za ta kwana da inda za a bar ta a mota da esi, sai mu koma Turanci.

Inna tana kan kujera da ƙafa a kan matashi, tana jan carbi. Da muka kwana biyu muna haka sai ta tanka.

"Ku biyun nan," ta ce, "duk sa'ad da kuka juya harshe na san maganata ake yi. Me aka yanke a kaina?"

Maigidana ya sosa ƙeya. Na ce mata babu komai, wani tsibiri ne yarinya take so, muka ga ba zai yiwu ba saboda sai an hau jirgi.

"Saboda wa?"

"Saboda ƙafarki, Inna."

Ta ajiye carbin a cinya. "Ke a Kano aka haife ki, shi ya sa. Ni a bakin kogi na tashi. Kakarki banda take sayarwa, ranar kasuwa a kwalekwale muke tsallakawa tsibiri, ina riƙe da kwandon kifi, ruwa na shigowa ana kwarfewa da ƙwarya. Tun da aka kawo ni Kano ban sake taka jirgin ruwa ba. Yanzu na zo ƙasar da ko'ina ruwa ne, za ku bar ni a mota ina gadin jakunkuna?"

Na san Inna 'yar Yauri ce, amma a tsakar gidanmu na Gwale na san ta, tsakanin murhu da keken ɗinki. Ko sau ɗaya ban taɓa ganinta kusa da ruwan da ya wuce na randa ba, kuma ban taɓa tambayarta ba.

Duk da haka ban sauka daga kan bakana ba. Na ce sai abin da mai gashin ƙafa ta ce. Ranar asibiti na tambaye ta, wata 'yar Filifin ce mai yawan dariya. Ta ce babu laifi, in dai za a riƙa tsayawa a hanya Inna ta sauko ta taka, kada ta shiga yashi mai nutsewa, ta kuma sha ruwa sosai. Na fassara wa Inna. Ta ce dama ita ba wasan yashi za ta je yi ba.

Maigidana ne ya ce a gwada tukuna. A Deira akwai ƙananan jiragen katako da ake kira abra, suna tsallakar da mutane daga wannan gaɓa zuwa waccan, shi kusan kullum yana hawa. Wata Juma'a bayan la'asar muka je. Iska kamar tururin tukunya, mutane sun cika mashigar. Matuƙin yana ta "yalla, yalla" don a yi sauri, da ya ga tsohuwa da sanda sai ya sassauta, ya miƙo hannu.

Inna ba ta kama hannunsa ba. Ta miƙo mini sandar, ta tsaya tana kallon yadda jirgin ke tashi yana sauka. Da ya taso daidai da dakalin sai ta sa ƙafa mai lafiyar, ta jawo ɗayar, ta zauna. Ni da nake tsoro ni ce na yi tuntuɓe, sai da maigidana ya riƙe ni.

Har muka tsallaka tana kallon ruwan da manyan jiragen kaya da ke jere a gefe. Da muka isa ta ce mu koma. Muka koma, muka sake dawowa. Da dare gwiwar ta ɗan kumbura, na sa mata ƙanƙara ina mita. Ta ce ko tana zaune a falo ma tana kumbura.

Daga nan shiri ya juya yamma. Hutuna ba zai isa a yi gabas da yamma ba, maigidana ya haƙura da duwatsunsa, ya ce khalas, shi ke nan, sai wani lokaci. Motarmu ƙarama ce, sai ya yi hayar babba don Inna ta zauna a gaba ta miƙe ƙafa. Babbar 'yar ta kama mana wurin mota a jirgin fito ta waya, ta kuma nemo garin da za mu yada zango, Mirfa, a bakin teku. Mun ɗan yi gardama kan masauki. Yaran otal suke so, ni kuma na san Inna ba za ta ci abincin otal ba, sai muka nemi ɗakuna masu kicin. Muka yarda da asuba za mu riƙa tuƙi, in rana ta take a ɓoye a ɗaki, sai la'asar a fito.

Inna ta karɓi ragamar guzuri. Tana zaune tana ba da umarni, na yi dambun nama, na soya gyaɗa, ta sa aka zuba garin kunu da tsamiya da daddawa da yaji a robobi. Ta ce a ɗauki tukunya babba. Na ce me za a yi da ita a tafiyar 'yan kwanaki? Ta ce in ɗauka kawai. Aka sa kujerarta ta salla mai naɗewa, da kula cike da ƙanƙara, da ruwan sha katan-katan har bayan motar ya cika.

Hanyar yamma doguwa ce kuma babu abin kallo, hamada a hagu, farin fili mai gishiri a dama, sai gidajen mai jefi-jefi. A kowanne muka tsaya Inna ta zagaya motar da sandarta. Ranar da za mu tsallaka aka tashi da iska, aka ɗage jirgin, muka ƙara kwana a Mirfa. Yaran sun ji daɗi, sun wuni a ruwa.

Washegari muka shiga da motar har cikin jirgin. Aka kai mu wani ɗaki mai kujeru da esi da tagogin gilashi. Inna ta duba ta ce, "Wannan ai falo ne." Ta sa maigidana ya raka ta waje, ta riƙe ƙarfe ta tsaya a cikin zafin nan tana kallo. Da ta dawo ta ce ruwan ya yi yawa, babu gaɓa, babu ciyawa, mutum ba ya sanin ko yana tafiya.

Dalma ƙaramin wuri ne, shiru, da itatuwan dabino da tsofaffin masallatai. Kafin magariba mun zagaye shi a mota. Inna ta ce a kai ta inda masunta ke sauke kifi. Ba ta jin yarensu, su ma ba sa jin nata, amma ta ɗaga kunnen kifi ta duba, ta ture wannan ta nuna wancan, har aka daidaita. A masauki ta zauna kan kujerar sallarta ta gyara shi da kanta, ta yi mana farfesu da daddawa. Muka ci har yaran suna neman ƙari.

Maigidana ya tambaye ta yaya ta ji kifin teku.

"Ba laifi," ta ce. "Amma bai kai tarwaɗa ba."

A dawowa ba ta fita waje ba. Ta zauna a ɗakin esin ta ce ta riga ta gani, ta jingina da kafaɗar babbar jikarta ta yi barci har jirgin ya tsaya.