Agushin da Na Shanya a Kan Sola

Ni dai tun ina yaro ba a taɓa zargina da yawan hankali ba. A aji uku malaminmu ya ce wa babana ya mayar da ni gona, wataƙila doya ta fahimce ni. Wauta kuwa na tafka ta kala-kala, yawanci a yi dariya a wuce. Amma akwai guda ɗaya da ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina, domin saura ƙiris ta sa a zubar da jini a unguwarmu. Kuma duk a kan agushi.

Unguwar tamu tana bayan garin Lafiya, idan ka nufi Assakio. A da rafi ɗaya muke sha da Fulanin rugar da ke gabas da mu. Gari ya yi ta faɗaɗa, gonaki suka cinye hanyar shanu, rafin ma ya koma sai da damina. Kowane rani sai an yi rigima a kan ruwa. Wata shekara har aka ƙona bukkoki da rumbuna, muka gudu da yara a kafaɗa. Wanda ya ga wannan shekarar ba ya son a tuna masa.

Daga baya aka haƙa mana bohol mai aiki da hasken rana. Tanki yana can sama a kan ƙarafa, farantan sola suna bisa kansa, ga famfuna na mata, ga dogon kwamin siminti na shanu. Dattawa suka tsara: mata su ɗiba da safe, da rana ta take inji ya sake cika tanki, bayan azahar shanu su sha. Tun da aka fara haka ko tsawa ba a ƙara yi wa juna ba. Injiniyar da ta haɗa kayan, wata 'yar ƙabilar Eggon mai Hausar kasuwa, ta maƙala wani ɗan akwati mai layin waya a ciki. Ta ce duk abin da injin yake ciki, akwatin zai gaya wa wayarta a cikin gari. Ni na raɗa masa suna akwatin gulma.

Ni aka ba gadin wurin. Ardon rugar ne ma ya tsaya mini. Ni Babarbare ne, shi Bafulatani, kun san wasan da ke tsakaninmu. Ya ce a ba bawansa, ba shi da aikin yi sai surutu. Na ce na karɓa, don in riƙa shayar da bayina kyauta.

To, a wani rani matata ta wanke agushi mai yawa, duk inda ta shanya sai awaki su hau. Ta dame ni da mita. Ina kishingiɗe a gindin tanki na ɗaga kai, sai dabara ta zo mini. Ga wuri a sama, shimfiɗaɗɗe, tsaf, rana na dukansa, akuya kuma ba ta hawa tsani. Har na yi mamakin yadda masu ilimi suka bar fili haka a banza. Da sassafe na hau, na shimfiɗa tabarmi a kan farantan nan kaf, na tokare da katako, na baza agushi. Daga ƙasa ba mai gani. Ranar farko lafiya lau, don akwai sauran ruwa a tanki. Na ce wa matata ta riƙa girmama mijinta, Allah ya ba ta injiniya a gida.

Washegari mata suka ɗibi nasu, har na ji suna cewa ruwan ba ƙarfi. Ban kawo komai a raina ba. Sai bayan azahar, da na hango ƙurar shanu, na buɗe bututun kwami. Ya yi tari sau biyu, ya tofar da 'yar laka, ya yi shiru. Na kasa kunne. Wannan ɗan gurnanin da inji ke yi kullum, babu shi. Nan take na gane.

Da na hau a lokacin na kwashe tabarmin, da an wuce wurin. Amma shanu sun riga sun iso, garke bayan garke, sun sha rana tun safe. Suka kewaye kwami suna lasar busasshen siminti, suna wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Samarin da ke kora su suka tsaya a kaina da sanduna.

"Baba, ina ruwa?"

"Inji ne ya ɗan samu matsala," in ji ni.

"Da safe da matanku suka ɗiba bai samu matsala ba?"

Ɗaya ya juya ya yi magana da Fulatanci a waya. A namu ɓangaren ma wani ya kira cikin gari, ya ce Fulani sun kewaye bohol. Kafin ka ce me, 'yan acaɓa sun fara sauke samarinmu, wasu da adduna a naɗe cikin buhu. Na ga mata suna jan yara, wata ta bar tukunya a kan wuta ta fita da gudu ba ɗankwali. Irin gudun waccan shekarar sak. Matata tana tsaye a bakin zaure, ba ta gudu ba, ni kawai take kallo. Ita kaɗai ta san abin da ke sama.

Ardo ya iso. Na tattaro ɗan sauran ƙarfina na ce, "Bawana, ka zo gaishe da ubangidanka?" Ko kallon wasa bai yi mini ba. Shekara da shekaru ban taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba sai ranar. Ya ce, "Malam mai gadi, wa ya ce ka rufe?" Malam! Na buɗe baki in faɗi gaskiya, na dubi addunan nan da sandunan nan, na ga duk a kaina za su haɗu. Na sake cewa inji ne.

Mai unguwa ya zo yana haki, yana ɗaga hannu, ba mai jin sa. Wani bijimi ya ture shingen gonar rogo da ke gefe, shanu suka fara kutsawa. Dutse ya taso daga bayanmu ya sami wata saniya a ƙaho. Na ji ƙarar adda tana fita daga kube. Wallahi na fara kalmar shahada.

Sai waya ta yi ƙara a aljihuna. Kafin in latsa, mai unguwa ya fizge, ya ga injiniya ce, ya buɗe murya ya ɗaga sama yana ihu a saurara.

"Baba, tun jiya ina garin Awe, ba sabis, yanzu ne na ga saƙo. Ba wanda ya kulle komai fa. Famfo lafiya, inji lafiya. Rana ne ba ya shiga. Tun jiya da safe wani abu ya rufe faranti. Ku hau sama ku duba."

Akwatin gulma ya yi aikinsa. Amma kada ku ɗauka magana ta ƙare. Namu suka ce Fulani ne suka rufe don su sami dalilin faɗa, su kuma suka ce mu ne. Kowa na son hawa, kowa na tsoron a ɓoye shaida. Ardo ne ya daka tsawa, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya ce mutum ɗaya nasu, mutum ɗaya namu, su hau tare, ba makami. Suka hau. Ni kuwa ina neman inda ƙasa za ta tsage.

Sai ga agushi yana zubowa a kan jama'a kamar ƙanƙara. Tabarma ta biyo baya, mai jan baki, wadda duk unguwa an san ta a ƙofar gidana. Ba wanda ya yi dariya. Can sai inji ya yi gurnani.

Ruwa bai zo nan da nan ba, kuma rana ta fara sanyi. Ardo da mai unguwa suka zauna a ƙasa tsakanin ɓangarorin biyu, suka ce duk mai son wucewa sai ya taka su. Matata ta shiga gida ta fito da bokiti, ruwan da ta ɗiba da safe, ta juye a kwami. Sauran mata suka bi ta, aka fara shayar da 'yan maruƙa. A haka har bututu ya kawo. Samari suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowa na karkaɗe agushi daga wuyan riga.

Bayan nan an sake tsari. Akwatin yanzu yana aika saƙo har wayar Ardo da ta mai unguwa. Tsani an sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a ruga, ɗaya a unguwa. Mata an yi musu dakalin shanya mai shinge. Ni kuma ba a kore ni ba, mai unguwa ya ce duk garin ba wanda zai ƙara tsoron farantan nan kamar ni.

Abin da na koya, da ɗan guntun hankalina, shi ne zaman lafiyar da muke taƙama da shi ashe a rataye yake, tabarma ma tana iya sauke shi. A ranar, akwatin nan ya san gaskiya, amma ba shi da hannun da zai riƙe mai adda. Da ba a sami tsofaffi biyu da suka zauna a ƙasa ba, da gaskiyar tasa gawa za ta tarar. Su ma tsofaffin, ba don akwatin ba, da ba su san inda za su ce a duba ba, tunda wanda ya sani ya haɗiye harshensa.

Bayan 'yan kwanaki Ardo ya zo da ƙwaryar nono, ya ce ya kawo wa bawansa injiniyan agushi. Na ji daɗi har raina, na ce wasa ya dawo. Muka sha, muka yi ta zolayar juna. Da ya tashi tafiya, ya saɓa sandarsa, ya tsaya ya dube ni, ba dariya a fuskarsa.

"Babarbare, da wayar nan ba ta yi ƙara ba, sai an kashe mutum nawa za ka buɗe baki?"