Matuƙin da ba shi da mota

Shekaru sun ɗan ja, kuma ban cika amincewa da ƙwaƙwalwata ba, saboda haka mai yiwuwa na haɗe wasu ranakun wuri guda.

A shekarata ta ƙarshe a jami'a ina haya a unguwar Abbasiya da ke Alƙahira. A ɗakin da ke kallon nawa akwai wani Bahaushen Sudan, dogo, ya girme ni, 'yan unguwa na ce masa Kaftin. Ranar da muka fara gaisawa na tambayi sana'arsa, ya ce, "Tuƙi." Ban ƙara tambaya ba. Yakan fita tun gari bai waye ba, tafin hannunsa duk kanta, sai na ɗauka direban bas ne.

A lokacin na faɗi jarrabawar baka, wadda ake zama gaban malamai suna tambaya kana amsawa. Na san karatun, a ganina dai, amma ina zama sai harshena ya ɗaure. Aka ba ni dama ta biyu. In na sake faɗuwa tallafin karatuna ya yanke, in koma gida ba takardar shaida. Sai na ga gara in tafi da kaina kafin a sallame ni.

Na ƙwanƙwasa masa ƙofa. "Yaya, tunda kai matuƙi ne, ko za ka taimaka ka kai ni filin jirgi da kayana ƙarshen wata?"

Ya tambayi dalili, na faɗa masa.

"Tamam, ba damuwa, Ustaz. Amma gobe bayan asuba ka zo ka ga motar tukuna."

Jirgin ƙarƙashin ƙasa muka shiga, abin da ya ɗan ɗaure mini kai. Muka sauka, muka gangara bakin Nilu, ya nuna mini wani kwalekwale dogo siriri, faɗinsa bai wuce ƙugun mutum ba. Nan ya fashe da dariya har da riƙe ciki. Ashe tseren kwalekwale yake yi, ya sha wakiltar ƙasarsu a waje, atisaye ne ya zaunar da shi Alƙahira.

"Ma'alish, yi haƙuri, wannan ba ta zuwa filin jirgi. Yalla, zo ka shiga waccan."

Na gaya masa ban iya iyo ba, na sake gaya masa. Ya ɗaura mini rigar hana nitsewa, ya sa ni a wani mai ɗan faɗi na 'yan koyo, ya zauna bayana. Na damƙe filafilan tuƙi biyun da ya miƙo mini iya ƙarfina, kwalekwalen na ta rawa.

"Ustaz, me suka yi maka kake shaƙe su? Sassauta yatsu."

"In na sassauta ai ruwa zan faɗa."

"Damƙar taka ce ke girgiza mu, ya zol." Haka 'yan Sudan ke cewa "mutumina".

Na sassauta kaɗan. Kwalekwalen ya lafa, ba duka ba. Muna tafe a hankali ya ce mini har yanzu sai ya yi amai kafin kowane tsere. A wani babban tsere ma ya damƙe kamar yadda na yi, filafilinsa ya maƙale a ruwa, ya zo na ƙarshe a gaban jama'a.

"Tsoron bai taɓa barina ba," in ji shi. "Hannun kawai nake dubawa."

Ban tafi ƙarshen watan ba. Ranar jarrabawa, malami na karanto tambaya, na duba na ga na damƙe gwiwoyina har farce ya shiga. Na buɗe yatsun. Gabana bai daina faɗuwa ba, amma murya ta fito, tana rawa. Na ci, da sakamako matsakaici. Ba zan ce yatsun ne suka jawo ba, wataƙila malaman ne suka tausaya. Abin da na tabbatar shi ne, ba don shi ba da ban zauna a kujerar ba. Allah Ya saka masa da alheri.

Na ji an ce ciwon baya ya raba shi da tsere, yanzu koyarwa yake yi, sai dai ban tabbatar ba. 'Yan uwan da muka zauna gidan nan tare, wanda ya ga na yi kuskure ko na rage wa Kaftin wani abu, don Allah ya aiko mini in gyara.