Tsintar da Na Yi wa Tabar Baba Tsoho

Shekaranjiya ina jiran mota a Gonin Gora, wata mai lemo ta zuba ɓawon da ta fere a kan garwashin mai gasa masara. Da ƙamshin ya bugi hancina sai na ji kamar an kama ni da laifi. Laifin kuwa ya haura shekara talatin, kuma an yafe mini tun ranar.

Kafin in ci gaba, kada wani ya ce na ce a sha taba. Ba ta da kyau, malaman asibiti sun faɗa, fasto ma ya faɗa. Abin da ya faru kawai zan ba ku.

A Trikania na girma, a hannun kakannina, a shekarun da sojoji ke sa mutane bin layi kafin a sayi sabulu da madara. Kakana namiji, wanda muke kira Baba Tsoho, ya yi ritaya daga reluwe. Ba shi da gona a birni, ba shi da keke. Abin da yake da shi lofe ne baƙi mai lanƙwasa, da kujera guda ɗaya mai hannu a gindin mangwaron gidanmu, da kuma sunan da ya yi wajen haɗa taba.

Kowace Lahadi bayan an taso daga coci, abokansa biyu sukan zo. Ɗaya tsohon soja ne mutumin Binuwai, mai murya kamar ganga. Ɗayan tsohon masinja ne daga Barnawa, mutumin Filato, wanda ko a zafin bazara ba ya rabuwa da kwat. Kowa ya zo da tabarsa, a cika lofe, a zuƙa, a rufe ido, sannan a yanke hukunci. Wanda tabarsa ta fi, shi ke zama a kujera mai hannu, sauran su yi benci. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Baba Tsoho a benci ba.

Tabar soja, in ji Baba Tsoho, shigowa take ba sallama, ta kama maƙogwaro kamar ɗan sanda. Ta masinja kuwa ta kanti ce, mai zanen jirgin ruwa a gwangwani. Soja ya ce ƙamshinta kamar madam za ta biki, amma ƙonewa take kamar albashi. Idan aka zo kan ta Baba Tsoho kuwa, sai yabo. Masinja yakan ce farkonta zaƙi, tsakiyarta ɗan yaji, ƙarshenta sanyi kamar an buɗe taga.

Sirrin, a faɗar Baba Tsoho, randa ce. Yakan yanka ganyen, ya zuba a gwangwani, ya tura ƙarƙashin randar ruwan Kaka, matarsa, kwana bakwai cif. Ya ce sanyin ƙasa ke horar da taba, kuma ba kowane hannu ne taba ke yarda da shi ba.

Wata Lahadi da damina soja ya gaji. Ya dire ƙunshin ganyensa ya ce, "Oga reluwe, ka daina yi mana wayo. Ga tawa mai kama maƙogwaro. Ka kai wa randarka. In ta fito da daɗi, zan sara maka a gaban kowa. In ba haka ba, kujera tawa ce."

Baba Tsoho ya karɓa yana dariya.

To, ni ce matsalar. Shekarata tara, kuma aikina a gidan tsintar acca da shinkafa. Tun ranar da Baba Tsoho ya tauna tsakuwa ya rasa rabin haƙori, na ɗauki abin a kaina. Nakan tsince sau uku. In na gama in fara tunanin ko wata ta ɓuya, in sake zubewa a faifai. Kaka takan ce in aka bar ni, sai na tsince yashin kogin Kaduna.

Ran Asabar, kwana na shida, Kaka ta tafi taron zumuntar mata a coci. Na je ɗiban ruwa sai na ga murfin gwangwanin bai zauna daidai ba. Na ce bari in gyara kada kyankyaso ya shiga. Da na leƙa sai na ga abin tashin hankali. Tabar cike take da datti: wasu ƴan gutsattsari ja-ja, wasu baƙaƙe masu kai kamar ƙananan ƙusoshi, da wani ganye da launinsa ya bambanta. Na ce lallai soja ne ya zuba don ya ƙwace kujera. In kuma ba shi ba ne, to ƙusar nan za ta bi ta lofe ta maƙale wa Baba Tsoho a huhu, kuma ni da na gani na yi shiru, alhakin yana wuyana.

Na ɗauko faifai. Sau huɗu na tsince, saboda muhimmancin abin. Dattin kuma na kasa zubarwa, don an koya mana ɓarna zunubi ce. Na tara shi a gwangwanin madara na ɓoye bayan turmi.

Ran Lahadi na zauna kusa da bencin ina jiran yabo. Baba Tsoho ya cika lofensa da yanga, ya ƙyasta ashana, ya zuƙa. Idonsa ya yi ja. Ya riƙe hayaƙin don kada ya yi tari, kumatunsa suka kumbura, sannan tarin ya ƙwace. Masinja ya gwada, ya cire kwat, abin da ban taɓa gani ba. Soja ya zuƙa ya lumshe ido.

"Sannu da dawowa, ƴar gida," ya ce wa tabar. "Kwana bakwai a makarantar randa, ko gaisuwa ba ki koya ba. Oga reluwe, a ɗan tashi."

Baba Tsoho ya dafa hannun kujerar ya fara miƙewa a hankali. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai a lokacin. Sai kawai na fashe da kuka, na ruga bayan turmi, na dawo na durƙusa da gwangwanin madara. Na faɗi komai, har da zargin da na yi wa soja, don shi ma zunubi ne.

Soja ya zuba dattin a tafin hannunsa ya shinshina. "Wannan ɓawon lemo ne. Wannan kanumfari. Wannan ganyen gwaiba. Oga, kai ka zuba?"

Baba Tsoho ya leƙa tafin hannun soja, ya girgiza kai.

Daga madafa muka ji muryar Kaka, ko juyowa ba ta yi ba, tana tuƙa tuwo. "Randa ce ta zuba. Ita ke zuwa kasuwa ta sayo kanumfari. Shekara talatin ina kwana ɗaki ɗaya da warin nan, in ban gyara shi ba wa zai gyara?"

Masinja ya yi dariya har lofensa ya faɗi. Baba Tsoho ya miƙa wa soja hannu. Ya karɓi dattin ya mayar cikin tabar, ya cakuɗa da yatsa, ya sake kunnawa. Ya zuƙa, ya busa hayaƙi sama, ƙamshin da muka sani ya cika gindin mangwaro.

"To," ya ce, "ai ni na auro ta."

Soja ya miƙe, ya buga ƙafa, ya sara, amma madafa ya fuskanta. Sannan ya ɗaga kujerar da kansa ya kai ƙofar Kaka. Daga ranar dukansu uku benci suke zama, Kaka kuma a kujera mai hannu take gyaran kuɓewa. Ni ba a doke ni ba. An dai hana ni zuwa kusa da randa in ba da kofi a hannu ba.

Yanzu duk sun rasu. An sare mangwaron an gina shaguna, randa ta ba firji wuri, kuma na daɗe ban ga mai lofe a unguwarmu ba. Shinkafa ma a tsince ake sayar da ita cikin leda, ko da yake ni ina sake tsincewa, don ba a sani ba. Abu ɗaya ne ya canza a halina. Jiya surukata ta kawo mini miya, na hango wani baƙin abu yana yawo a ciki, yatsana har ya kama hanya. Na janye shi, na ce, "Ƴata, wannan ke kika sa, ko faɗawa ya yi?"