Na Je Duba Goggo da Turanci a Kunne

Ana idar da sallar asuba muka bar Dutse, ni da ƙanwata, a wata tsohuwar bas mai tari. Garin Kafin Hausa muka nufa, wajen Goggo, yayar babanmu da ta raine ni. Kullum a waya cewa take yi da sauƙi. Ni kuwa jarrabawar Turanci ce a gabana, in na ci sai aikin jinya a ƙasar waje. So nake in gan ta da idona kafin in sa ƙafa.

An kwana ana ruwa. Gajimare ya sauko ya zauna a kan duwatsu, gero kore shar har inda ido ya tsaya. Na toshe kunnuwana, wata Baturiya a waya tana koya mini yadda suke faɗin rashin lafiya. Wai mai ɗan zazzaɓi *under the weather* yake, wanda ƙarfinsa ya ƙare *run down*, wanda ya kusa tafiya kuma *on his last legs*. Ikon Allah, kowane ciwo da matakinsa. Ina maimaitawa ina gyangyaɗi, har na ga kaina a wani asibiti mai sanyi, ina duba tsofaffin da ban san iyayensu ba.

A Jahun muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ya yi ƙiba. Ƙanwata ta ce in ban daina magana ni kaɗai ba, wajen mai ruƙiyya za ta sauke ni.

Goggo ba ta yarda baƙo ya same ta a kwance. Ta yi wanka, ta sa kwalli, ta zauna a tabarma.

"Goggo, ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yar nan. Kun sha hanya."

Na kama hannunta. Awarwaron da a da yake matse ta ya zame har gwiwar hannu. Ƙafafunta sun kumbura, ta rufe su da zani. Ta matsa mana mu ci tuwo, ita ko loma. Nan take na ce ta shirya, asibitin Dutse za mu kai ta.

Da la'asar muka kamo hanyar Dutse mu uku, Goggo a tsakiya, tana mitar wa zai ba akuyoyinta dusa. Kafin mu kai Kiyawa barci ya ɗauke ta a kafaɗata.

Abin da na koyo ke nan: Bature in ba shi da lafiya zai faɗa maka iyakar inda ciwon ya kai. Goggo sai an je an taɓa ta. In na tafi, muryarta kaɗai zan riƙa ji, kuma lafiya za ta ce mini har ranar da wani zai kira a madadinta. Bana dai ba inda za ni.