Na Ƙara wa Motata Tsawo, Baffana Ya Biya da Hannunsa

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da wannan abu ya faru ni direba ne a garin Gadarif, ban cika shekara talatin ba, kuma in faɗi gaskiya girman kaina ya fi ƙarfin wuyana. Kakanninmu daga yamma suka taso za su Makka, suka yada zango a nan, zangon da har yau ba a tashi ba. Da mahaifina ya rasu na haɗa rabona da ɗan abin da na tara, na sayi tsohuwar motar daji mai buɗaɗɗen baya, wadda a nan muke kira boksi. Sana'ata ita ce kwasar ma'aikata zuwa manyan gonakin dawa da riɗi da ke bayan Doka, in kai musu ruwa da gari da busasshen kifi, in dawo da wanda zazzaɓi ya kayar.

Wanda bai san ƙasarmu ba sai na yi masa bayani. Baƙar laka ce. Da rani takan tsage har ƙafar jaki ta shige, da damina kuwa ta koma kamar kwaɓaɓɓen sabulu. Tarakta da manyan motoci in sun bi sukan haƙa kwari biyu su bar tudu a tsakiya, ƙaramar mota in ta shiga sai cikinta ya hau tudun, ta zauna kamar kaza a kan ƙwai, tayoyi na ta juyawa a banza. Sau biyu a damina ɗaya hakan ta same ni. Na biyun ma wuni muka yi a laka, sai da tarakta ta jawo ni a gaban jama'a. Direbobin tasha suka samu abin yi, kullum na shigo sai wani ya tambaye ni ko ƙwan ya ƙyanƙyashe. Ina dariya tare da su, amma abin yana cina a rai.

Sai na je wurin wani tsohon makanike, wanda duk muke kira usta, na ce ina so ya ɗaga mini motar sama yadda babu tudun da zai sake taɓa cikinta. Ya zagaya ta yana taunar asuwaki, ya ce zai iya ƙara ganye ɗaya a sifirin ya sa taya mai ɗan girma, amma ba zai wuce nan ba. Ya ce in na ɗaga ta, nauyinta zai hau sama alhali faɗin ƙafafunta yana nan yadda yake, kuma ni mutane nake ɗauka ba buhuna ba. Na ce a raina tsufa ne da tsoro. Na wuce wurin wani mai walda da ba ya yawan tambaya. Ya yanko guntayen ƙarfe masu kauri ya cusa tsakanin sifirin da ƙarfen da ke riƙe tayoyi, ya tsawaita marataya, muka sa manyan tayoyi. Na kuma sa ya ƙera mini shimfiɗar ƙarfe a sama, bayan kan direba, inda zan ɗora gangunan ruwa biyu, don ƙasa ta ishi mutane. Ranar da na fito da ita na zagaya kasuwar hatsi sau uku ba tare da ina da abin saye ba. Daga kujerata ina kallon rufin sauran motoci, mata kuwa sai an kama musu hannu kafin su hau.

Da lokacin sabunta takardu ya yi na kai ta wurin duba motoci. Jami'in da ya duba ta mutum ne mai natsuwa. Ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashinta, ya miƙe ya ce ba haka kamfani ya ƙera ta ba, kuma ba zai sa hannu ba sai na mayar da ita yadda take. Ya nuna mini cewa fitiluna yanzu cikin idon mai tahowa suke haskawa, ƙarfen gabana kuma daidai ƙirjin mai zaune a raksha, wato keke mai ƙafa uku, yake. A nan ne na yi abin da har yau nake jin kunyarsa. Na koma na cire guntayen ƙarfen, na ari ƙananan tayoyi, na dawo ya sa hannu har yana yaba mini da jin magana. Kafin sati ya zagayo na mayar da komai. Na ba abokaina labari a wurin mai shayi, aka yi ta tafa mini ana cewa na iya. Motar ta yi ta yi mini gargaɗi bayan nan, tana rangaji in na sha kwana, birki kuma ba ya kamawa da wuri kamar da. Na ce sabo ne kawai ban yi ba.

Ƙarshen damina riɗi ya nuna. Shi riɗi ba ya jira, in an makara da yanka sai kwansonsa ya buɗe ya zube a ƙasa, wahalar shekara ta tafi. Ana cikin haka aka yi ruwan bazata kwana biyu a jere. Shugaban ma'aikatan da zan kai shi ne baffana, ƙanin mahaifina, dattijo da ya haura sittin. Da kiwon shanu ya tashi kafin ya zauna ya kama noma, kuma a wajen yankan riɗi babu saurayin da ke shan gabansa. Mutum goma sha huɗu na ɗauka a baya har da shi, huɗu daga ciki mata ne masu dafa wa ma'aikata abinci. Ganga ɗaya cike take, ɗayar rabi. A Doka muka tarar da direbobi sun ajiye motoci suna jiran ƙasa ta sha iska. Baffa ya leƙo ta taga ya ce ko mu ma mu jira zuwa azahar. Na ce masa ai saboda irin wannan rana na ɗaga motar. Na tayar da mota muka wuce.

Da hantsi muka kai wani rafi mai zurfin gaɓa, irin wanda ba ya kawo ruwa sai an yi ruwan sama. Ranar cike yake, ruwa ja wur yana gudu da rassan itace. Hanya tana bin gefensa, rafin yana hagunmu, wato ɓangaren da nake zaune, kuma kwarin tayoyi duk ya cika da ruwa. Baffa ya buga rufi ya ce mutane su sauka su taka da ƙafa. Na yi kamar ban ji ba. Na karkatar da kan motar na hau gefen gaɓar don in kauce wa kwarin. Wallahi ba gudu nake yi ba, mai tafiya a ƙasa zai iya wuce ni. Sai na ji tayar baya ta hagu ta nutse kaɗan. Na ji ruwan gangar nan mai rabi ya tuttulo gefe guda. Motar ta fara kwantawa a hankali, a hankali, kamar raƙumi zai durƙusa, tayoyin dama suka bar ƙasa. Na kalli tagata, babu komai a cikinta sai ruwa.

A nan ta tsaya. Ban san yadda zan bayyana wannan ba, kuma na sha gwadawa. Mota da mutum goma sha biyar da gangunan ruwa, a tsaye kan ƙafa biyu a bakin gaɓa, ba ta faɗi ba, ba ta koma ba. Babu wanda ya yi ihu. Ina jin ƙarar ruwa a ƙasa, ina jin tayar gaba tana juyawa ita kaɗai a iska har ta gaji ta tsaya. Ta gilashin gaba na ga fili kore shar a karkace har inda sama ta taɓa ƙasa, ga wasu balbelu suna kiwonsu kamar babu abin da ke faruwa. Ni da nake salla ina tunanin farashin man fetur, ranar na san Allah yana kusa. Na ji a jikina cewa riƙe mu ake yi, kuma Mai riƙon in ya ga dama zai saki.

Sai na ji muryar Baffa. Ba ɗaga ta ya yi ba, da irin muryar da yake yi wa saniya mai firgita ya yi magana. Ya ce in kashe inji in bar ƙafata kan birki, kada in motsa ko da kaina. Ya ce kada wanda ya yi tsalle, domin nauyin waɗanda ke sama shi ke riƙe da na ƙasa. Ya sa maza biyar da ke ɓangaren dama suka zura jiki waje suka rataya a ƙarfen gefe. Shi kuma ya kama igiyar da na ɗaure ganguna da ita, ya naɗe ta a hannunsa na dama, ya sauka ya kafa ƙafafu a laka ya jingina baya da dukan ƙarfinsa. Daga nan ya fara kiran waɗanda ke ɓangaren ruwa ɗaya bayan ɗaya, mata tukuna. Kowace sai ta rarrafo a hankali, ta bi ta kan ƙafafun mutane, ta zamo ƙasa. Duk wadda ta motsa sai motar ta yi ƙara kamar tsohuwar ƙofa, ni kuma in rufe ido. Ɗaya daga cikinsu tsoro ya kama ta ta ƙanƙame ƙarfe ta ƙi saki. Na ji Baffa yana lallashinta, yana ce mata 'yata, yana tambayarta sunayen 'ya'yanta, tana faɗa tana matsowa har ta iso.

Ni ne na ƙarshe a ciki. Ya ce in ja birkin hannu in hauro ta tagar dama. Na hauro, na faɗo a laka kusa da ƙafarsa. Na ga jijiyoyin wuyansa sun tashi, igiyar ta nutse cikin naman hannunsa. Ya ce wa mutum biyar ɗin nan in ya yi bisimilla su saki tare su faɗa baya. Ya yi bisimilla, suka saki. Shi ma ya so ya warware igiyar, amma ta riga ta ɗaure. Motar ta tafi, ta fizge shi ya faɗi rubda ciki, ta ja shi har bakin gaɓa, sannan igiyar ta tsinke. Muna kallo motar ta juya sau biyu ta faɗa ruwa, manyan tayoyin da nake taƙama da su suna kallon sama. Baffa ya tashi zaune. Bai kalli hannunsa ba, mu ya kalla. Ya bi mu da ido ɗaya ɗaya yana motsa baki har ya tabbatar babu wanda ya rage, ya ce alhamdu lillahi, sannan ya suma.

Tarakta ce ta kai mu Doka, daga can aka wuce da shi asibiti a Gadarif. An cire masa yatsu uku, sauran hannun kuma ya shanye. Da hukuma ta tambaye ni ban ɓoye komai ba, har da wayon da na yi wa mai duba motoci. Aka karɓe lasisina na wani lokaci, aka hukunta ni, kuma ban ga an zalunce ni ba. Da aka jawo motar usta ya je har wurin ya duba gaɓar. Bai zage ni ba, da ma ya zage ni da na fi jin sauƙi. Cewa kawai ya yi gangaren bai kai ya kifar da boksi yadda kamfani ya yi ta ba, iyakarta ta maƙale mu wuni a laka. Na tambaye shi me ya riƙe ta duk tsawon lokacin nan, ya ce shekara arba'in yana gyaran mota, wannan ba aikin ƙarfe ba ne.

Na je na durƙusa gaban Baffa ina kuka ina neman gafara. Ya ce in tashi. Ya ce shi ya ga abin da bai taɓa gani ba, ƙarfe ya tsaya a kan iska har bayin Allah suka gama sauka, kuma wanda aka nuna wa wannan ba zai zauna yana lissafin yatsu ba. Ya yafe mini a take. Ni ne dai na kasa yafe wa kaina, domin lauje ya bar hannunsa ke nan har abada.

'Yan'uwana direbobi, musamman masu shiga daji da mutane a baya, ku ji daga bakin wanda ya gwada. Ban ce kada a taɓa mota ba, amma a je wurin wanda ya san aikin, in ya ce iya nan a tsaya nan. In mai duba motoci ya ƙi sa hannu, kada ku ɗauke shi maƙiyi, ni da na yaudare shi ban cuci kowa ba sai jinina. Kada ku ɗora ruwa a sama, kuma in hanya ta yi gefe ku sauke mutane su taka. Maƙalewa a laka ba abin kunya ba ne, dariyar tasha kwana biyu ce. Kada kuma wani ya karanta labarina ya ce ai Allah ya tsare su, shi ma zai tsare shi. An riƙe mu sau ɗaya, ba don mun cancanta ba.

Yanzu Baffa a gidana yake, tare muke cin abinci a tire ɗaya. Shi ne mutumin da in yaro ya miƙo hannun hagu cikin kwano yake buge hannun tun muna ƙanana. Ranar da ya fara zama da mu bayan an sallamo shi, ya daɗe yana kallon tuwon. Sannan ya yi bisimilla, ya ce Allah ya san uzurinsa, ya miƙa hannun hagu. Sau uku a rana nake ganin wannan, kuma har yau ban saba ba.